Garwashi a Hawa na Biyar

Litinin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya ƙafar taki? Kina shan maganin kuwa, ko har yanzu yana kan firij yana yi miki gadi?

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne gidan nan ɗaki biyu ne da falo, bangonsa kamar kwali. In na yi tari a kicin mijina yana ji daga gado. Bakinsa ne ya tafi, Yaya, kunnensa na nan garau. Wannan “da sauƙi” da kike ji ina faɗa miki a waya, dominsa nake faɗa. Gaskiyar ga ta nan a rubuce.

Babu sauƙi. Kin san ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Abin da na ɓoye miki shi ne tun da aka sallamo mu daga asibiti, mijin ƙanwarki ya daina cin abinci. Likita ta duba ta ce yana haɗiya lafiya lau. Ruwa yana sha, shayi yana kurɓa. Amma da na kawo cokali sai ya datse baki ya kafa wa bango ido, kamar ni ce na ɗora masa ciwon. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka a banɗaki na wanke fuska na dawo. Sai in kwashe kwanon in je kicin in cinye a tsaye, don kada a zubar. Shi yana ramewa, ni ina ƙiba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga ƙofofin ƙarfe a shagon walda, yanzu ni kaɗai nake juya shi a gado.

Kwana uku da dawowarmu lif ya mutu. Shugaban kwamitin bene, wani tsohon ma'aikacin ofis da ya yi ritaya amma alƙalaminsa bai yi ba, ya manna takarda wai ana kan gyara. Wata guda ke nan. Abin da kawai aka gyara ita ce takardar, an sake ta da wadda ta fi kyawun rubutu. Matakala tamanin da huɗu ce tsakaninmu da ƙasa. Shi ba zai sauka ba sai maza huɗu sun ɗauke shi. Ni kuma ba na iya barinsa fiye da rabin awa. A laburaren da nake aiki sun ba ni hutu, suna ta cewa in huta. Na sha karanta labaran fursunoni ina jin tausayinsu, ban san cewa wanda ke riƙe da makulli ma a ɗaure yake ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekaranjiya da la'asar na buɗe ƙofar baranda don iska ta shigo. Wani a ƙasa, can wajen masu gyaran taya, yana gasa nama, ƙanshin ya hau har nan. Yaya, sai na ga ya juyo da kansa. Ya buɗe hanci ya ja, ya sake ja. Rabona da ganin ya nuna yana son wani abu tun ranar da ya faɗi.

Kin tuna tsohon gidanmu kafin faɗaɗa titi ya cinye shi. Kowace Asabar yana tsakar gida gaban rabin durom ɗin nan da ya yanka ya yi wa ƙafafu, ke kina tsokanarsa da Sarkin Wuta, ni ina kan kujera da littafi. Har yau akwai littattafan laburare masu tabon maiƙo a shafi, don ta saman littafin yake miƙo min yankan farko, in karɓa ban ɗago ba. Da muka taso, durom ɗin ya ƙi hawa bene, muka bar miki shi, na ji kajinki na shan ruwa a ciki.

Jiya na sauka da gudu na sayo ɗan murhun gashi a shagon kayan gida na kan kwana. Mai araha ne, girmansa kamar tire, ƙafafunsa na naɗewa, ga ragar ƙarfe a sama. Mai shagon ya rantse don irin barandarmu aka yi shi, wadda in an shimfiɗa darduma ɗaya ta cika. Ƙarfen kamar murfin gwangwani. Da lafiyarsa da ya yi masa dariya.

Ki duba cikin buhun da muka bari a ɗakin ajiyarki, akwai awartakinsa, dogo mai mariƙin katako, wanda ya ƙera da hannunsa. Ki ba direban da zai kawo miki wannan.

Ki gaida kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Direba ya ce kin juye buhu uku ba ki ga awartakin ba. Ki duba bayan tsohon keken ɗinki, can na ga an jingina shi ranar da muka kwashe kaya.

Na kunna wutar. Bari in ba ki labari tun kafin ki ji daga bakin ɗanki, don shi zai ƙara gishiri.

Na karanta 'yar takardar da ta zo da murhun daga farko har ƙarshe, har da gargaɗin kada a bai wa jarirai. Na zuba gawayi na cika shi taf. Ashana goma ta mutu a hannuna. Sai na tuna akwai sauran kananzir na fitilar ɗauke wuta, na tuttula masa. Wutar ta tashi har ta lashi gashin girata ta hagu, kafin in ankara ta koma baƙin hayaƙi. Ni kuma ina sauri kada ta mutu, na ɗora nama nan take. Kitse ya ɗiga, hayaƙi ya ninka, ya haura baranda ta sama inda matar sama ta shanya fararen zannuwan gadonta. Ƙararrawar hayaƙi ta falo ta kama ihu. Na hau kujera ina dukanta da muciya, matar sama na leƙowa tana tambaya ko gobara ce, ko kuwa mun buɗe gidan burodi ba a gayyace ta ba.

Naman ya fito baƙi a waje, ja a ciki, yana warin gareji. Na kai masa haka, don ban san abin da zan yi ba. Ya dubi farantin, ya dube ni, ya dubi girata. Na ɗauka zai yi dariya. Sai ya juya ga bangonsa.

Washegari takarda ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Gargaɗi na farko, da hatimi da sa hannun shugaban kwamiti. Dokar bene ta hana wutar gawayi a baranda, kuma gargaɗi uku na nufin mai gida zai ba mu takardar tashi. Mutumin da ya kasa hawa hawa biyar ya duba mara lafiya, ya hau don ya zura takarda, ko sallama bai yi ba. Na leƙa ta ramin ƙofa na gan shi yana haki, riƙe da ƙarfen matakala. Allah ya yafe min, na ji daɗi.

Ɗanki kuma ya kira daga can inda yake. Ya ce Mama, me ya kai ki wasa da wuta a shekarunki, kamar ba ni na koya masa kunna risho ba. Kafin la'asar ya sa an kawo murhun gashi na lantarki, fari tas, mai maɓalli uku, ba hayaƙi ba toka. Ban raina masa ba, yaron yana yin iyakar abin da waya ke iya yi. Na jona, na gasa kifi, ya fito da layi-layi kamar rigar ɗan makaranta. Ba ya ƙanshin komai. Uban ko juyowa bai yi ba. Na ci a kicin, a tsaye.

Abin da ya fi ci min rai, Yaya, shekara talatin da ɗaya ina zaune taku uku daga mutumin nan yana hura wuta, ban iya ba. Na san yadda aka ci biranen da yanzu ko kufansu babu. Ban san yadda gawayi ke kamawa ba.

Jiya likita ta hau. Ta auna shi, ta ja ni baranda kamar a can ba zai ji ba. Ta ce ranar Alhamis ta sama za ta dawo. In bai fara ci ba, za a sauke shi a kai shi asibiti a zura masa roba ta hanci. Kin tuna yayansa da ya yi wata biyar da robar nan. A hanyarmu ta dawowa daga dubiya ya tsayar da mota ya sa na yi masa alkawari ba zan bari a yi masa haka ba. Na yi alkawarin ina dariya, don a lokacin ƙato ne. Da likita ta fita na shiga na same shi idonsa a rufe, hannun hagu ya damƙe zanen gado.

Ki nemo awartakin, don Allah.

Taki,
Auta

Litinin

Yayata,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Na ga kin goge tsatsar kin shafa masa mai. Na kuma ga abin da kika rubuta a ƙasan takardar, cewa tun ina ƙarama ba na iya jiran ruwa ya tafasa. Na ji. Ba yau kika fara gaskiya a lokacin da ba a nema ba.

Gargaɗi na biyu ya zo. Ranar Asabar na sake gwadawa, ba kananzir, da takarda da haƙuri, sai dai haƙurin nawa na minti biyar ne. Na yi ta fifita da murfin tukunya, toka ta tashi, hayaƙi ya bi hanyarsa ta sama. Wannan karon matar sama ta sauko da kanta da matashin kai a hannu, ta tura min a hanci ta ce in shaƙa. Na shaƙa. Gaskiyarta, yana wari. Ta ce jikarta na da asma. Ban san da haka ba, kuma da na sani ban tabbata da na fasa ba, wannan shi ya fi ba ni kunya. Na ba ta haƙuri. Na ce mijina ne ba ya ci. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, amma ita ma mutum take riƙo. Muka tsaya a bakin ƙofa kowa da nata, ba wadda ta yi ƙarya.

Akwai abin da zan gaya miki, ki karanta ki ƙona. Ranar da na sauka sayen gawayi, da na fito shago ban juya gida ba. Na je tashar bas na zauna da ledar a cinya. Bas ta zo, ta buɗe ƙofa, irin wadda nake shiga zuwa aiki. Na ga kujerata ta gefen taga babu kowa. Yaya, ƙafata ta motsa. Ban yi niyyar zuwa ko'ina ba, so nake kawai a tafi da ni. Direban ya dube ni ya ce Hajiya za ki ko ba za ki, na ce ba za ni ba. Ta tafi, wata ta zo, ita ma ta tafi. Da na hau matakalar nan tamanin da huɗu na buɗe ƙofa, idonsa na kan agogo. Minti hamsin na yi. Bai iya tambaya ba, ni ma ban iya faɗa ba.

Haushinsa nake ji. Na rubuta, ga shi nan. Ina jin haushin mutumin da ba ya iya ɗaga hannu, don ya sami hanyar da zai tafi ya bar ni ba tare da ya taka matakala ko ɗaya ba. Ranar Lahadi na ajiye cokali na gaya masa haka a fuskarsa. Na ce in mutuwa yake so ya faɗa min, in daina wahalar da tukunya. Sai na tuna ba zai iya faɗa ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo.

Da na fito na ɗauko awartakin na ajiye masa a kan bargo. Ya daɗe yana kallo. Sai hannun hagu ya rarrafo ya kama mariƙin. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya rufe. Har na gama wanke-wanke ina jin ƙarar ƙarfen daga ɗaki. Da shi ya yi barcin rana.

Saura kwana uku likita ta dawo. Saura takarda ɗaya a kore mu. Ɗanki ya ce in bar wutar nan haka, kada a yi biyu babu, ba lafiya ba gida. Lissafinsa daidai ne. Laraba zan kunna. Na hau na gaya wa matar sama ta kwashe shanya ta rufe taga daga azahar zuwa la'asar, ta kai yarinyar ɗakin baya. Ta ce za ta rufe, kuma za ta kai ƙara. Na ce duka biyun hakkinta ne.

Ki gaida maigidan, ki ce na gode da man da ya bayar.

Ƙanwarki,
Auta

Alhamis

Yaya ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Likita ta fita yanzu, ban ko ɗauke kofinta ba na zauna rubuto miki.

Jiya bayan azahar na ɗora shi a keken marasa lafiya na tura shi ƙofar baranda. Keken ba ya shiga duka, tayoyin gaba a waje, na baya a falo. Na ɗora murhun a kan ƙaramin teburin ƙarfe daidai gwiwarsa. Na cire batirin ƙararrawa. Na ɗauko ledar gawayi zan juye kamar kullum, sai na ji ƙarfe ya bugi bayan hannuna. Awartaki ne.

Da hannun hagu ya riƙa tsamo gawayin ɗaya bayan ɗaya. Guda tara kawai ya ɗauka, ni da nake zuba rabin leda. Ya jera su a gefe guda na murhun, ya bar ɗaya gefen fayau. Ya nuna takarda, na murɗa na cusa a ƙasa na kyasta. Hayaƙi ya ɗan tashi, siriri. Na ɗauko murfin tukunya zan fifita, ya sake buge ni. Wuta ta kama, na ɗauko kifin zan ɗora, ya tare ni da awartakin a ƙirji kamar ɗan sandan hanya.

Muka zauna. Yaya, ban taɓa sanin minti ashirin na da tsawo haka ba. Ba littafi a hannuna, ba abin yi, sai kallon gawayi. Na ga baƙin yana ja daga ƙasa, jan yana hawa, sannan fari ya bi ya lulluɓe shi kamar furfura. Hayaƙin ya ɗauke gaba ɗaya. Ya miƙa bayan hannunsa saman ragar, leɓensa na motsi, ƙirge yake yi. Sannan ya gyaɗa kai. Ya sa na ɗora kifin a gefen da babu garwashi, don kada mai ya ɗiga a wuta. Ashe duk hayaƙin da na addabi bene da shi, gaggawata ce.

Shi ya juya kifin. Sau biyu yana kuɓuce masa, na kai hannu, ya harare ni, na janye. Da ya nuna, ya ɓantaro wani yanki daga wajen ciki, inda ya fi taushi. Na yi maza na kawo faranti da cokali, ina cewa a raina ko loma ɗaya ce ya Allah. Sai ya ƙetare farantin ya miƙo min awartakin saitin baki.

Na ce a'a, naka ne, kai za ka ci. Na tura hannun. Ya dawo da shi. Na ce kada ka yi min haka, gobe Alhamis. Hannun na karkarwa, gumi ya tsattsafo masa a goshi, kifin na shirin faɗuwa, bai sauke ba. Sai na karɓa da baki, don kada ya zube.

Yana kallona har na haɗiye. Sannan ya ɓantari wani, ya kai bakinsa.

Yaya, shekara talatin da ɗaya. Ki tuna ko kin taɓa ganin mutumin nan ya kai loma baki kafin ni, ko a gidanki, ko a gidan biki. Ni ban taɓa lura ba, kaina na cikin shafi. Kwana arba'in da 'yan kai ina tsaye a kansa da cokali kamar mai ba jariri magani, cikina babu komai, ina jira ya gama in je kicin in ci saura. Ban ce wannan ne kaɗai dalilinsa ba, ba zai iya gaya min ba, wataƙila har abada. Amma ya ci loma bakwai. Ban yi kuka a gabansa ba, na ce hayaƙi ne, alhali ya fi kowa sanin babu hayaƙi.

Yau da safe na kawo kwano ɗaya da cokali biyu, na zauna a bakin gado na fara ci. Ya bari na yi uku, sannan ya ɗauki nasa. Rabi ya zube a bargo. Likita ta zo ta tarar da mu a haka. Ta ce a ajiye maganar roba, za ta sake aunawa nan da mako biyu.

Kada ki ɗauka an sake mu. Bai yi magana ba, ɓarin dama bai motsa ba, lif na nan a mace, ni kuma har yanzu in na ji ƙarar bas ƙafata na ƙaiƙayi. Matar sama ta cika alkawarinta duka biyu. Takarda ta uku ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa da hantsi, wata ɗaya aka ba mu. Na buɗe ƙofa na riski shugaban kwamiti yana hutawa a matakala. Na gaishe shi da ladabi, na ce mun karɓa, kuma duk ranar da suka shirya fitar da mu, ko su gyara lif, ko shi ya zo da maza uku ya kama ƙafa ɗaya. Ya ce za a duba.

Na karanta wa Sarkin Wutarki takardar. Ya karɓa ya shafa ta tsakanin yatsu, ya murɗa ta da hannu ɗaya a kan cinya, ya ajiye kusa da ashana. Takarda ce mai kyau, busasshiya. Asabar jibi ne.

Ki tambayar mana ko akwai ɗaki a ƙasa kusa da ke, ko da tsakar gidan bai fi tabarma biyu ba. Ki kuma nema wa kajinki wani abin shan ruwa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai gira ɗaya,
Auta